Ƙwan Zabi da Fanel ɗin Malama Rifkatu

Jiya da la'asar hadarin farko na bana ya taso ta bayan Dutsen Zuma, kuma kamar kullum, kafin ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa masu wuta sun ɗauke abarsu. Ina cikin shago ina zuba wa wani fanel bayanai, saura kaɗan in gama. Da shekarun baya ne da sai an ji ihuna har bakin kasuwa. Yanzu akwai batir a ƙarƙashin tebur, ko ƙyaftawa kwamfutar ba ta yi ba. Na fito bakin ƙofa ina shaƙar ƙamshin ƙasa, sai ga wata Bafulatana ta wuce da sauri, ƙwarya a ka, tana neman mai sayen ƙwan zabi. Shi ke nan ta ɓata mini yammata. Ni da ƙwan zabi akwai tsohuwar magana.

Shekarar da nake nufi, azumi ya faɗo daidai inda bazara ke ƙarewa damina na shirin shigowa, lokacin da Suleja ke zama kamar tukunyar da aka rufe. Na yi shekara goma ina gyaran wayar hannu a wani shagon kwano a Wambai, ban daɗe da fara karɓar fanel ba, wato allon lantarkin da ke cikin injina, na famfon sola, na sikeli, da makamantansu. Mu masu gyaran waya magani ɗaya muka sani ga kowace cuta: a goge ƙwaƙwalwar na'ura tas, a zuba mata sabon bayani. Fulashin muke ce masa. Waya ta ƙi tashi, fulashin. Tana zafi, fulashin. Wallahi da mutum zai kawo mana akuyarsa tana tari, sai mun duba inda za mu soka mata waya.

Zafin shekarar nan kuwa, kai, ba a magana. Tun hantsi kwanon shago ke fara ƙara yana miƙewa. Kafin azahar rigarka ta manne da baya, gumi na ɗiga daga haɓa ya sauka kan abin da kake gyarawa. Kullum da yamma hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mu fito muna murna, iska ta zo ta kwashe ledoji da kwanon rufin mutane, ta yi gaba ba tare da ruwa ba. Irin wannan iskar ce ta kayar da turakun wuta a hanyarmu tun kafin a ga wata, aka bar mu a haka. 'Yan garuwa suka zama manyan mutane, sai ka yi musu magana da ladabi. Ƙanƙara kuwa, matata Hadiza kan aika tun ƙarfe uku a kama layi, a dawo da ɗan guntu wanda rabinsa ya narke a hanya. Ta jefa shi cikin kunun tsamiya, mu zauna muna kallon kofin muna jiran ladan.

Ranar huɗu ga azumi, wajen sha ɗaya, ɗan acaɓa ya sauke wata mata a ƙofar shagona. Dattijuwa ce gajera mai tabarau, ta rungume wani abu a cikin zani kamar jariri. Ta ce sunanta Rifkatu, tsohuwar malamar firamare ce, 'yar Filato, amma ta fi shekara talatin a Iku. Da ta yi ritaya ta sayi injin ƙyanƙyasa babba, mai aiki da sola, mai juya ƙwai da kansa. Ta kwance zanin, ga fanel ɗin injin.

"Injiniya, ka taimake ni. Sai ya kunna ya mutu, ya kunna ya mutu. Ƙwai kwana biyar ke nan a ciki."

"Na kaji?"

"Na zabi. Kuma ba nawa ba ne."

Ta yi mini bayani. Zabuwa ba ta iya kwanci ba, kowa ya sani, shi ya sa mata ke sa wa kaza ƙwan, kaza kuwa nawa za ta rufe? Malama ta bi matan Iku da na Zuma da na rugage gida-gida tana lallashi su kawo ƙwansu inji ya ƙyanƙyashe. An yi mata dariya. Aka ce yaushe akwati ya zama uwa? Wadda ta fara yarda wata tsohuwa ce, Inna Hajjo, mai kawo mata nono daga wata ruga a bayan Zuma. Ita ta bi zabinta cikin daji tana tsintar ƙwai har ta cika tire biyu, ta ce ta yarda da Malama ko ba ta yarda da akwati ba. Da aka ga Inna ta kai, sauran suka biyo.

"Sunana ne a cikin akwatin nan, ɗana," in ji ta. "In suka mutu ba ni da fuskar da zan kalli matar nan."

Na tayar da ɗan janareta, na haɗa fanel da kwamfuta. Rubutu ya fara gudu. A kan fanel irin wannan akwai wani ɗan ai-si baƙi, bai kai farcen babban yatsa ba, shi ne rumbun da injin ke ajiye duk abin da ya sani: yawan zafin da ake so, lokacin juya ƙwai, komai. Cikinsa a rarrabe yake gurbi-gurbi. Rubutun ya nuna gurbi uku da aka ce sun lalace, abin da muke kira bad bulok, sannan can ƙasa ya nuna wani bayani ya yanke a tsakiya, kamar an fizge biro daga hannun mai rubutu.

Na ce, "Malama, yaya kike kashe injin nan?"

"Ba na kashe shi. Sai dai in hadari ya taso in cire wayar batir, saboda tsawa."

Kowa haka yake yi a garin nan. Hadari na tasowa a bi talabijin da firji a cire, uwata ma har madubi take rufewa. Amma ranar ƙishi ya riga ya hau mini kai. Na ɗaga wa Malama murya, matar da a shekaru ta haife ni ta haifi yayana. Na ce injin yana cikin rubutu kike fizge masa wuta, me kike so ya yi? Na juya mata kwamfuta na nuna mata layukan nan uku. Na ce kin gani, ɗaya, biyu, uku, duk aikinki ne. Ta gyara tabarau ta duba kamar ɗaliba, ta ce, "Ka yi haƙuri, ban sani ba. Ba zan ƙara ba."

Sai na yi abin da hannuna ya saba. Akwai gogewa iri biyu: ta farko tana tsallake gurbin da aka yi wa alama, ta biyu tana share komai har alamar. Na zaɓi ta biyu. Kwamfuta ma sai da ta tambaye ni, ka tabbata? Na ce ji wannan, ni za ki koya wa aiki? Na danna. Mai sayar da injin ya turo mini bayanan ta waya, na zuba. Da na sake kunnawa babu bad bulok ko ɗaya. Na ce, "Kin gani? Na wanke miki shi tas." Har godiya ta yi da hannu biyu.

Na bi ta har Iku na mayar da fanel. A lokacin bayan gidanta gonaki ne har rafi, yanzu gidajen haya sun cinye wurin, ko akuya ba ta samun inda za ta tsaya. Injin na cikin wani ɗaki na bayan gida, ya kai tsayin firji biyu. Kafin mu iso, mata uku na ciki sun kunna fitilu biyu a ƙasan injin don ɗumi, sun ajiye roba da ruwa, suna juya ƙwai da hannu ɗaya bayan ɗaya. Nan na fara ganin Inna Hajjo, doguwa, siririya, baki jawur da goro duk da ta ce rabonta da shi tun sahur. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne likitan akwatin?"

"Ni ne, Inna."

"To nawa ne na sama, tire biyun can. Ka gaya masa ya yi hankali da su."

Injin ya tashi, fanka ta kama, tire suka karkata a hankali. Na koma gida ina jin kaina.

Kwana huɗu ya yi. Ranar takwas ga azumi, ƙarfe biyu na rana, waya ta yi ƙara. Ya sake mutuwa. Na hau babur cikin ranar da kwalta ke kama takalmi, na isa harshena kamar busasshiyar fata. Ban ko gama sallama ba na ce, "Kin sake cirewa."

"Ban taɓa ba, Injiniya."

"Jiya an yi hadari."

"An yi. Na zauna a nan ina addu'a, ban taɓa ba."

Ban yarda ba. Na sake yin fulashin, na naɗe kan batir da salatef har ya zama dunƙule, na ce in ga ta inda za a cire. Kwana uku, ya mutu. Na ce to batir ne, na kawo wani na gwada. Na ce dalma ce ta saki, na bi ƙafafun ai-si ɗaya-ɗaya da ƙarfe mai zafi, gumi na shiga mini ido. Na canza wayoyi. Na zagi wanda ya ƙera injin, na zagi wanda ya shigo da shi, na zagi masu wuta duk da injin ba ya shan wutarsu. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk lokacin da na zuba bayanai na duba, lafiya lau suke. Da safe injin kamar sabo. Sai rana ta take, ɗakin ya ɗauki zafi, ya fara mantuwa. Kuma ba abu ɗaya yake mantawa ba, yau ya manta juya ƙwai, gobe ya ƙi tashi gaba ɗaya. Wane irin abu ne wannan, don Allah?

Haka azumin ya koma mana. Bayan asuba in ɗan runtsa, in buɗe shago, in zauna ina jiran wayar Malama kamar mai jiran sammaci. Duk sa'ad da fanel ke hannuna, ƙwai na hannun mata. Sau uku a rana ake juya su, kuma sun fi ɗari huɗu. Malama ta sa an yi wa kowane ƙwai ɗigo da fensir a gefe ɗaya don a san wanda aka juya. Hadiza ta gaji da jin mitata, ta ce bari ta je ta ga ƙwan da suka ƙwace mata miji, ta je sau ɗaya ta zama 'yar aiki. Ni kaina na koyi juyawa. Ƙwan zabi ƙanana ne, masu tsini, masu kauri, ɗumi-ɗumi a tafin hannu. Ɗakin na warin kananzir da jiƙaƙƙen buhu. Robar ruwan nan da ke ƙasan injin, Allah ya sani sau nawa na tsaya ina kallonta.

Sau da yawa magariba a can take riskarmu. Malama ba ta azumi, amma ba ta taɓa kai ko ruwa bakinta a gabanmu ba. Kafin a kira salla ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kawo kunun gyaɗa da ƙosai, Inna Hajjo ta dama fura da nonon da ya rage mata. Inna ta dinga tsokanata.

"Likita, yau ma mara lafiyar ya suma? Kai da kaza, wa ya fi iya aiki?"

Mata su kwashe da dariya. Ni kuwa in ce, "Inna, laifin ba nawa ba ne, tun farko aka ji masa ciwo," ina satar kallon Malama. Ita sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da zuba kunu.

Ranar sha takwas na yi aikin da na ce shi ne na ƙarshe. Na goge, na zuba, na duba sau uku. Na bugi ƙirji na ce, "Malama, in wannan ya sake mutuwa ki canza mini suna." Ta yi makonni ba ta je coci ba saboda gadin injin. Na ce ta je, babu abin da zai faru. Ranar Lahadi ta duba gilashin injin, lambar zafi daidai, ta kulle ɗaki ta tafi.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta kira ni. Ban gane muryarta ba.

Da na isa ƙofar injin a buɗe take, mata na ta fifita da faifai da murfin tukunya. Lambar da ke kan gilashi na nan daidai yadda ta bar ta, ashe daskarewa ta yi tun safe, hita kuwa na ta aiki babu mai tsayar da ita. Zafi sama yake taruwa. Na ɗora hannu a tire na sama na janye. Na ɗauki ƙwai ɗaya na kai kunci, kamar an sauke shi daga tukunya. Na ƙasa da dama-dama.

Tsoro ne ya kama ni, sai ya fito a matsayin faɗa. A gaban matan nan duka na ce, "Me kika taɓa kafin ki fita? Ki faɗi gaskiya! Inji ba ya haukacewa haka kawai. Tun ran farko na gaya miki, cire-ciren nan naki ne ya kashe masa ƙwaƙwalwa!"

Matan suka daina fifita. Hadiza ta ce, "Baban Ummi," a hankali. Malama ta cire tabarau ta goge da bakin zani. Ta juya wajen matan ta ce, "Kun ji. Laifina ne. Ku yafe mini." Inna Hajjo ba ta nan ranar. Amma magana irin wannan ba ta buƙatar kuɗin mota, kafin la'asar ta isa ruga.

Washegari na ajiye girman kai na ɗauki fanel na nufi wajen Oga Chinedu. Shi ne babba a gyaran allunan lantarki a kasuwa, a Suleja aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Na daɗe ina guje masa don kada a ce Bala ya kasa. Ya haɗa fanel, ya karanta rubutun, ya ɗago ya dube ni.

"Malam Bala, ina bad bulok ɗin ai-sin nan?"

"Babu. Da akwai uku, na share su."

"Ka yi me?"

"Na share."

Ya ɗora hannu biyu a ka. "Chineke! Wa ya aike ka?"

Ya jawo kujera ya zaunar da ni kamar sabon shiga. Ya ce irin wannan ai-si, da wuya ka sami wanda ya fito daga masana'anta ba shi da gurbin da ya lalace. Su da kansu suke gwadawa da kayan da mu ba mu da su, su yi wa marasa kyau alama. Ya ce ka ɗauka gidan haya ne mai ɗakuna dubu, uku na yoyo tun ranar da aka gina, magini ya shafa musu alli a ƙofa don kada a sa kowa. Kai ka zo ka ga alli ka ce datti ne, ka wanke, ka zuba 'yan haya da kayansu. Da rani ba wanda zai ce komai.

"Ukun nan ba ciwo ba ne, Malam Bala. Su ne lafiyar. Ɓataccen gurbi yakan karɓi rubutu ya nuna maka ya riƙe, in ya ji zafi ya sake."

Na ce, "To cire wayar da take yi fa?"

"Ya ɓata bayani ɗaya, ran farko. Aikin minti goma ne, ka sake rubuta shi ka sallame ta. Duk abin da ya biyo baya naka ne."

Wallahi na ji kamar ƙasa ta buɗe. Na tambaya ko za a iya mayar da alamar. Ya ce ka rubuta lambobin ukun? Ina fa na rubuta, ni da nake sauri in nuna gwaninta. Ya tona cikin tarkacensa ya samo fanel mai irin ai-sin, ya ɗaga ai-sin da iska mai zafi ya dasa a namu. Da muka kunna, sabon ya nuna nasa gurbi biyar marasa kyau. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi. Oga Chinedu ya ce, "Ka taɓa su in karya maka yatsa." Muka zuba bayanai ta hanyar da ke tsallake su. Daga ranar injin bai sake ko tari ba.

Na mayar da fanel Iku. Malama ta tambaye ni me aka samu. Na buɗe baki, na ga mata biyu a ƙofar ɗaki suna saurare. Na ce, "An canza ai-si." Ban ƙara ko kalma ba.

Ruwan gaske ya sauka ranar ashirin da huɗu, tun azahar har bayan la'asar. Yara suka fito tsirara, mata suka jera robobi da tukwane a bakin indararo, 'yan garuwa suka koma mutane kamar kowa. Iska mai sanyi ta shigo shago, karon farko na kai magariba ban ji harshena ya bushe ba. Kowa na murna. Ban da ni. Na gaya wa Hadiza gaskiya a daren, ta ajiye ludayi ta dube ni.

"To me kake jira?"

"Bari a ƙyanƙyashe tukuna. Wataƙila na saman ma su yi."

"Baban Ummi, kai ma ka san ba za su yi ba."

Ranar ashirin da bakwai aka fara jin tsiwa a cikin injin. Tire na ƙasa suka fashe da 'yan tsaki masu zane a ka, jiƙaƙƙu, suna tangaɗi. Na tsakiya rabi da rabi. Mata na ta guɗa a tsakar gida. Tire biyu na sama kuwa shiru. Aka ba su kwana biyu, shiru. Inna Hajjo ta zo jajibirin salla, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa a kan dutse. Ɗan tsako ne cikakke, har gashi ya fara, a dafe. Ta fasa na biyu. Ba ta fasa na uku ba.

Ta miƙe ta dubi Malama. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga.

"Rifkatu, ba akwati na ba wa ba, ke na ba wa. An ce an hana ki taɓawa kin ƙi ji, kuma kika kulle su kika tafi. Shekara goma sha ina shigowa gidan nan. Na gode."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Ina tsaye a wurin, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Na ce a raina bari ta huce, yanzu ba lokacin bayanin ai-si ba ne. Bayan salla zan je.

Aka yi salla. Na sa sabuwar shadda na yi yawon gaisuwa. Na ce bari a gama hidima. Aiki ya taru a shago, na ce bari in rage. Hadiza ta daina yi mini maganar, ta koma ajiye mini abinci ba tare da ta zauna ba, wanda ya fi maganar ciwo. Sai da aka kwana goma sha ɗaya na hau babur na tafi Iku.

Na sami Malama a ƙofar ɗakin injin tana tsince wake. Ta rame. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi mata ba, na faɗa mata komai, da allin da gidan hayar da abin da Oga Chinedu ya ce. Na ce ba ke ba ce, Mama. Ni ne, tun ran farko.

Na shirya wa zagi. Sai ta ajiye tiren waken, ta rufe fuska da hannu biyu ta ce, "Na gode maka, ya Allah." Kuka take yi.

"Ka san abin da na ɗauka? Kullum ka zo ka ce na cire, ni kuma ban tuna na cire ba. Na ce Injiniya ya san aikinsa, ba zai yi ƙarya ba, to ni ce nake yi ina mantawa. Haka mahaifiyata ta fara. Ta ɗora tukunya ta ce ba ita ba ce. Har na rubuta wa 'yata ta zo ta kai ni asibiti."

Duk faɗan da na yi a watan nan ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da muryata da komai.

Ta share ido ta mayar da tabarau. "Ni na yafe. Amma ba ni za ka gaya wa ba. Tun ran nan Inna ba ta taka gidan nan ba, in ta hango ni a hanya sai ta tsallaka titi. Tashi ka je yanzu. Ko ba ta gane ai-si ba, za ta gane in ka ce mata kai ne."

Na tashi. Na bi babban titi har Zuma, na sauka ta hanyar ƙasa da aka kwatanta mini, taɓo na kama taya. Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa da Hausa mai sauƙi. Na wuce gonaki, dawa ta fara tsiro, na zagaya bayan dutse har inda aka ce rugar take.

Babu bukka ko ɗaya. Sai da'irar toka, da turakun da aka tuge, da kashin shanu wanda ciyawa ta fara hudowa ta cikinsa. Wani manomi na ta huɗa a wurin. Na yi masa sannu da aiki, na tambaye shi mutanen rugar.

"Fulanin? Ai in shuka ta fito ba sa zama. Sun yi arewa."

"Yaushe?"

Ya dogara da fartanya ya ɗan yi lissafi.

"Shekaranjiya da safe."

Na tambaye shi wane gari, ya ce shi bai tambaya ba. Na tambaya ko suna dawowa nan da rani, ya ce mai gonar ya sayar, gida za a gina.

Da na koma Iku, tun daga nesa na hango Malama a bakin ƙofa. Ta canza zani, ta ɗaura ɗankwali, ta fito da kujera ta biyu ta ajiye kusa da tata. Ta leƙa bayan babur ɗina, ta ga ba kowa, ta dawo da ido kaina.

"Me ta ce?"